Tsakuwar Shaida

Jiya ina kwashe shanya sai na ji ɗaya daga cikinku, ku 'yan matan nan masu zama a ƙofar gidana kuna latse-latsen waya, tana cewa wai sana'ar Inna Hanne ai ba wani abu ba ce, dafa shinkafa ce a shanya. Na ji sarai, kunnena bai mutu ba tukuna. To ku gyara zama in ba ku labarin dafa shinkafar, ko Allah zai sa wata a cikinku ta gane mini kan abin, don ni dai na tsufa a cikinsa, kuma bai taɓa ɗaure mini kai kamar yanzu ba. Lokacin da na taso, kusan kowane gida a layin nan akwai murhun gumi, wato turara shinkafa kafin a casa. Yau namu kaɗai ke hayaƙi, ni da Uwani abokiyar aikina. Duk abin da za ku ji, a kan kada wutar nan ta mutu ne.

Aikin farko da Gwaggo Dije ta ba ni shara ce. Ƙanwar mahaifina ce, a hannunta na tashi, ita ta koya mini gumi. Rani guda cur ban taɓa tukunya ba. In share filin shanya, in yayyafa ruwa, in sake sharewa, in shimfiɗa tabarmi, sannan in zauna da kara a hannu ina korar kaji da awaki. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ta ce, "Ke a ganinki a tukunya shinkafa ke lalacewa? A ƙasa take lalacewa. Duk tsakuwar da ta fasa wa mutum haƙori, wata ce ta yi ƙiwuya ranar shanya." Ba ta duka, amma in ta sami tsakuwa a aikinki, sai ta kira ki ta ɗora miki ita a tafin hannu ta tafi. Gara a mare ni da wannan.

Na tuna buhun farko da aka kawo da sunana, ba da sunan Gwaggo ba. Wani manomi ne daga bakin kanal ɗin ban-ruwa ta hanyar Bunkure, ya sauke shi daga keke ya ce na Hanne ne. Shanshera ce, wato shinkafa da ɓawonta yadda aka bugo ta daga gona, da ƙasa da haki da komai. Sai ki wanke ta a babban baho, wadda ba ta yi ido ba ta taso sama, ki kwashe wa kaji. Ki jiƙa ta a ruwa mai zafi amma ba tafasasshe ba, wanda hannu zai shiga ya fito da sauri, ta kwana a ciki. Da safe ki tsame, ki zuba a rabin duro da ɗan ruwa a gindi, ki rufe da buhu, ki hura wuta da ɓuntu, wato ɓawon da injin casa ke fitarwa. Daga nan ba ido ke aiki ba, hanci ne. Akwai ƙamshin da take yi in ɓawon ya fara tsagewa. Kika sauke kafin nan, ƙwayar za ta fito da fari a tsakiyarta, kuma shi ne kaɗai farin cikin da mai gumi ba ta so. Kika wuce nan, ta yi ja ta yi ƙauri, sai dai ki ci kayanki a gida.

Shanya ma da nata rikicin. Rana ta yi mata yawa, tana shiga inji za ta kakkarye ta zama ta tuwo. Ta yi mata kaɗan, ta yi fumfuna a buhu. Ana juya ta da ƙafa, ana ja mata layi-layi, in rana ta take a tattara ta a inuwa ta huce. Akwai wata damina da na karɓi aikin biki, na baza kaya fal fili, sai hadari ya taso daga gabas ba sallama. Ni da goyo a baya na kwashe ta kaf, na baza a ɗakin kwanana, har kan gado, mu muka koma zaure. Ba banza sunan sana'ar nan ya zo ɗaya da sunan zufa ba. In ta bushe sai ki sa ƙwaya a haƙori, ta ce ƙas, to ta yi, a kai inji. Bayan inji sai faifai. A bakace, a zauna a tsince baƙar ƙwaya da tsakuwa ɗaya bayan ɗaya har wuya ya sage. A nan na fi kowa naci. Mata suka riƙa cewa shinkafar Hanne ba a rege ta, daga kwano sai tukunya. Ba zan ɓoye muku ba, maganar nan ta fi sabon zane faranta mini rai.

Tamu sunanta 'yar Hausa. Wadda ake shigowa da ita daga waje, doguwa mai sheƙi, sunanta 'yar gwamnati, ko da yake ban taɓa ganin gwamnati ta naɗe wando ta shiga taɓo tana dashe ba. Da can ta masu albashi ce, ana dafa ta ranar salla ko in an yi baƙon kunya. Ba ta dame mu ba, mu ma ba mu dame ta ba. Masu sayen tamu mun san su: masu abincin sayarwa a bakin titi, da matan aure masu aiko da kwano, da 'yan sari da ke zuwa ranar kasuwa suna kushe kaya da baki, hannunsu kuma ya ƙi sakin buhun.

Sai wata shekara ta wajen ta cika kasuwa, kuma ta fi tamu araha. A nan kaina ya fara kullewa. Abin da aka ce ya hau jirgin ruwa, ya sauka ya hau mota, ya ratso daji, an biya direba an biya ɗan dako, ta yaya zai iso Kura ya fi wanda aka noma a bayan ɗakina sauƙi? Na tambayi mai inji, ya ce can ai injuna ke noman, mutum ɗaya ke riƙe da gonar da ta kai girman garinmu. Na tambayi wani direba, ya ce tsohuwa ce, ta daɗe a ajiye, neman kai suke da ita. Ɗana da ya yi boko ya ce hukumominsu ne ke tallafa wa manomansu. Kowa da tasa, kuma kowa in yana faɗa kamar a gabansa aka yi. Na ce to na ji, amma wa ke biyan ragowar? Ni dai na san babu shinkafar da ke shiga tukunya ba wahalar wani a kanta. 

Amma na ga abin da ya biyo baya da idona. Manomin nan mai keke ya bar shinkafa ya koma albasa, albasar ta ruɓe masa. Mai inji ya sallami ma'aikatansa, ya koma shi ke zubawa shi ke tarewa. Mai amalanken da ke kai mana kaya ya sayar da sa ɗaya, ya rasa yadda zai yi da ɗayan. Bafulatanar da ke karɓar dusa ta ba mu nono ta zo ta tarar babu dusa, ta juya da ƙwaryarta. Matan layin nan suka riƙa kife tukwanensu, wasu suka koma wankau, wasu suyar awara. Uwani mijinta ya rasu ya bar mata yara, ba ta da wajen zuwa, sai ta dawo murhuna muka haɗa hannu. Abin da ya fi ba ni haushi, a shekarar ni da kaina na aika aka auno mini 'yar gwamnatin, don ita aljihuna ya kai, tawa da ke ɗaki kuwa in na taɓa ta na ci jari. Muna cikin ci Uwani ta ce, "Yaya, yau fa abin da ya kashe mu muke ci."

Na ce, "Ci ki yi shiru. Ita ba ta ma san da mu ba."

A cikin wannan hali Alhaji Garba ya fara zuwa. Ɗan kasuwa ne daga birni, mai fara'a, ba ya taya kaya a wulaƙance. Ya dumbuzi shinkafata ya baza a tafinsa, ya juya, ya hura, ya ce, "Hajiya, wa ya gyara wannan?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "Duk abin da kika yi irin wannan, nawa ne. Abu ɗaya kawai, kada ki ɗinke bakin buhu. Ɗaure shi da igiya."

Ban tambayi dalili ba. Mai saye ya zo har gida a shekarar da ko sallama ba a yi mana, zan tsaya yi masa tambayoyi? Wuta ta dawo murhu. Uwani ta mayar da yaranta makaranta, ni ma na sayi sabon tamfol na shanya na huta da facin tabarmi.

Bikin 'yar ƙanwata aka yi a wajen Kumbotso, aka sa ni cikin masu girki. Aka jawo wani buhu mai ƙyalli, da hoton jirgin ruwa da wani rubutu da ko 'yan boko ba su iya karantawa. Na ɗauko ƙwarya zan rege, sai wata ƙawar uwar amarya ta riƙe mini hannu.

"Haba Inna, ajiye ƙwaryar nan. 'Yar waje ce fa, ba irin taku ta ƙauye ba ce."

Na ajiye. Amma da na tsoma hannu a buhun sai na tsaya cak. Tsawon ƙwayar, da launinta mai ɗan ruwan zuma, da yadda take zuba a tsakanin yatsu, duk na san su. Na kai hanci, sai ga ɗan ƙamshin hayaƙin ɓuntu can ƙasa-ƙasa. Ko su ma a wajen da ɓuntu suke hura wuta? Ban sani ba, ban taɓa zuwa ba. Aka dafa aka ci, ana ta santi, ana cewa ai kayan waje daban ne, mutanenmu ba za su taɓa iyawa ba. Ina zaune da faranti a cinya, na rasa daɗi zan ji ko kuka zan yi.

Da Alhaji Garba ya dawo ɗaukar kaya na tare shi a zaure. Na ce, "Alhaji, don Allah shinkafata a wane buhu take kwana in ta je birni?"

Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya yi dariya ya ce, "Ashe kin gani. To Hajiya, gaya mini wa na cuta. Ke na biya ki. Su tsabta suke nema, sun samu. In na ce musu ta Kura ce, ko buɗe buhun ba za su yi ba. In sun buɗe ma su ce in rage."

Na ce, "Amma ai ƙarya ce."

Ya ce, "Buhun ne ke ƙarya. Shinkafar gaskiya take faɗa."

Na daɗe ina juya maganar nan. Na san akwai inda ba ta yi daidai ba, amma duk ta inda na kamo ta sai ta zame mini. Na ce wa Uwani ko mu daina ba shi. Ta dube ni, ta dubi yaranta da ke wasa a gindin bishiya, ta ci gaba da tura ɓuntu a wuta. Muka ci gaba da ɗaure buhu da igiya.

Ba ni na bar shi ba, shi ya bar ni. An yi 'yan shekaru ta wajen ta yi wuya, kasuwa ta ɗan farfaɗo, sai kuma ta sake kwararowa da araha. Alhaji ya ɗauke ƙafa. Da na aika masa, ya ce a gaya wa Hajiya ta yi haƙuri, yanzu ta gasken ta fi ta bogin sauƙi, me zai sa ya sayi buhu ya biya mai ɗinki? Kun ji fa. Ni ce ta bogin. Kaya suka taru a ɗaki, muka koma hura wuta jefi-jefi, Uwani ta fara zancen ko ta tafi birni aikatau ta bar mini yaran. In ta tafi kuwa shi ke nan, don ni kaɗai ba zan iya ɗaga duro ba.

Ran nan da hantsi wata mota ta tsaya a bakin layi, wata matashiya ta fito tana tambayar gidan masu gumi. Malama Bilki sunanta, tana koyarwa a wata makaranta a birni. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Ta ce su wasu mata ne suka haɗa kai ta waya, suka yi alkawarin ba za su ƙara sayen ta waje ba.

"Inna, mun gane arahar nan ba araha ba ce. Abin da aka rage mana a kasuwa, daga bakin irinku aka cire shi. Muna so mu riƙa saye kai tsaye daga hannun masu yi, duk wata, a rubuta sunan mai ita a jikin buhu."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Abin da na yi shekaru ina tambaya, ga yarinya ta zo har gida ta faɗe shi a dunƙule. Na ce Uwani ta fito da wadda muka fi ji da ita.

Malama ta tsoma hannu ta ɗago, sai murmushinta ya ragu. Ta ce, "Inna, 'yar Hausa fa na ce."

Na ce, "Ita ce a hannunki."

"Wannan?"

Na ja ta bayan gida na nuna mata duro, da toka, da tulin ɓuntu, da tamfol. Ta yarda, har ta ba ni haƙuri. Ta ɗauki buhu ɗaya ta ce za ta raba wa matan su gwada.

Da ta dawo, tun daga sallamarta na san ba lafiya. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Inna, ni na yarda da ke, amma sun ƙi. Sun ce an yi mini wayo, wai ta waje ce aka juye a buhun gida don an ga muna saye da daraja. Wata ta ce ta rege ta sake regewa, ko tsakuwa ɗaya ba ta gani ba. Ta ce ita tun tana yarinya ta san 'yar Hausa da tsakuwarta."

Na ce, "Yanzu laifinta shi ne ta yi kyau?"

Ta sunkuyar da kai. "Sun ce in nemo musu ta asali a wani wajen. Na roƙe su su bari in sake gwadawa sau ɗaya. Inna, in akwai wata... wadda ta fi kama da ta gida." Ta ce jibi za ta dawo, ta tashi ta tafi tana ta ba ni haƙuri.

Na zauna na yi tagumi. Ban ji haushin matan ba, ai alheri suka nufa, kuma an cuce su da yawa a kasuwa har sun daina yarda da idonsu. Amma ku duba mini. Mai ruɗin mutane yana son aikina, ba ya son sunana. Masu son taimakona suna son sunana, ba sa son aikina. To ni ina zan sa kaina? Ban ankara ba ashe Uwani ta fita da ƙwarya.

Ta dawo da ita cike da tsakuwa daga bakin kanal. Ta zauna ta baza a faifai tana zaɓe, tana ware masu girman ƙwayar wake, tana watsar da ƙananan. Ta zuba waɗanda ta zaɓa a ruwa ta cuɗa, ta zubar, ta sake ɗauraye su, ta shanya a rana.

Na ce, "Uwani, me kike yi haka?"

"Shaida nake wankewa."

"Kin haukace? Tsakuwa kike wankewa?"

"Yara za su ci abincin, Yaya, ai ba a zuba musu da datti ba. Kuma manya na zaɓa, makaho ma zai gan su. Babu wanda zai tauna."

Na ce, "Ba da hannuna ba."

Ta ce, "Ai ban ce da hannunki ba. Ke dai juya baya."

Na dube ta. Ta rame, idonta ya faɗa, kuma na san jakar tafiyarta tana ɗaure a ɗaki. Na juya baya.

Malama ta dawo da sababbin buhuna farare, an buga musu rubutu babba. Ta karanta mini: Shinkafar Inna Hanne, Kura. Tun da nake ban taɓa ganin sunana a jikin wani abu ba. Ta tsoma hannu a kayan da muka fito da su, ta baza a tafinta, ta tsaya. Ta ɗauko tsakuwa ɗaya da yatsu biyu ta ɗaga, fuskarta ta washe.

"Yauwa Inna! Wannan ce suke nufi."

Ta ɗauki hotonta da waya ta aika. Kafin Uwani ta kawo mata ruwa wayar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ta karanta tana dariya. "Sun ce a kawo duka. Wata ta ce har ta tuna gidan kakarta." Ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Inna, Allah ya bar mana masu gaskiya irinku."

Na buɗe baki zan yi magana, Uwani ta taka mini ƙafa. Na ce amin.

Da motar ta tafi Uwani ta ce to tunda haka ne mu daina wahalar tsinta mana, mu bar ta da wadda ta zo da ita daga gona. Na ce a'a. Waɗancan ƙanana ne, sun saje da ƙwaya, su ke fasa haƙori, ba za su fita daga gidan nan ba ina raye. Ta ce to ita ma tata ba za ta fasa ba. Har yau haka muke yi. Ni in wuni ina tsincewa, ita ta wanke tata ta zuba, a ɗinke buhu da sunana a jiki.